Mama Ta Ajiye Tabarau

Litinin, 3 ga Maris

Mama ta ajiye tabarau. Ba ɓata ya yi ba, ba karyewa ya yi ba. Da hannunta ta cire shi ta jefa a kwando a gaban mutane, aka yi mata tafi.

Na biya ta gidan bayan mun tashi daga shago, na tarar tana laluben makullin kabad a kan tebur, ga shi nan a gabanta ƙiri-ƙiri. Na ce Mama ina tabarau ɗinki? Ta ce ta ajiye madogara. Na ce madogarar me kuma? Wai duk abin da mutum ya dogara da shi ban da Mahaliccinsa madogara ce, kuma Jagora, shugaban taron da take zuwa, ya ce ido da kansa zai washe in zuciya ta tsaya da ƙafarta.

Ni za a gaya wa zancen ido! Shekara tara ina aiki a shagon tabarau. Ni na kai ta gaban Likita, ni na auna, ni na zaɓi firam ɗin mai ruwan ƙasa don ya hau da fatarta. Na san idon Mama fiye da nawa. In babu gilashi, duk abin da ya wuce taku uku a gabanta hayaƙi ne.

Wata shida ke nan da maƙwabciyarta ta fara jan ta zuwa taron mutanen nan. Masu Tsayuwa suke kiran kansu. Ni da Yaya har murna muka yi, muka ce gara ta riƙa fita, tun rasuwar Baba take zaune daga ita sai bango. Ashe murnar banza muka yi.

Allah ya sa dai ba ta shan wani magani, da yanzu shi ma yana cikin kwandon.

Laraba, 5 ga Maris

Na kira Yaya. Sai a kira na huɗu ya ɗauka. Na zayyana masa komai, ina jin yana danne-dannen kwamfuta. Ya ce in bi ta a hankali, tsufa ne, in ta bugu da ƙofa sau biyu da kanta za ta nemi abinta. Ka ji fa. Uwarsa guda zai bar wa ƙofa ta yi mata nasiha.

Shi da ke nesa komai mai sauƙi ne a wurinsa. Na kashe wayar ban yi masa sallama ba, kuma ban ji na yi laifi ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na haɗa mata sabo, irin wancan sak, na kai. Na tarar da wata mata zaune a kujerar Baba. Doguwa, busasshiya, ta naɗe hannu a cinya kamar gidan ubanta. Wai ita ce abokiyar tsayuwar Mama. Kowa a cikinsu an haɗa shi da wani, ba ya fita shi kaɗai, ba ya ganawa da “na waje” shi kaɗai. Ni ce ta wajen. A gidan da aka haife ni.

Mama ta tashi zuwa kicin, matar ta tashi. Mama ta dawo, ta dawo. Na sa mata suna Jela.

Na buɗe gidan tabarau ɗin na ɗora a cinyar Mama. Ko taɓawa ba ta yi ba, ta ɗaga hannuwa sama sai ka ce garwashi na ɗora mata. Ta ce in mayar, wani mabuƙaci zai amfana. Na ce Mama ke ce mabuƙaciyar. Jela ta yi wani murmushi ta ce wa Mama, “Ki yi mata uzuri, har yanzu da idon waje take gani.” Wallahi saura ƙiris in kwaɗa mata abin a goshi, in ji da wane idon za ta ga wuta.

Na faki idonsu na baro shi a kan firij. Ina kaiwa bakin titi sai ga Jela a bayana da shi, wai na yi mantuwa.

Lahadi, 9 ga Maris

Wuni na yi ina wanki don kar in yi kuka. Har labule na wanke.

Alhamis, 13 ga Maris

Na nemi izini wurin Likita na je taron nasu da yamma, in gani da kaina.

Saman wani shagon taya ne. Babban ɗaki, kujerun roba, fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa. Mutum ya kai ɗari, yawanci tsofaffi. Kwandon yana bakin ƙofa, babba, irin na kayan wanki. Na leƙa. Tabarau, sanduna, abin kunnen masu ƙarancin ji, har da takalmin ƙarfe na wani mai ciwon ƙafa. Na hango na Mama a gefe, sanda ta danne shi, hannu ɗaya ya lanƙwashe. Raina ya yi baƙi ƙirin.

Sai ga Jagoran. Na zaci dodo zan gani. Ɗan gajeren mutum ne mai tumbi, tsaf-tsaf da shi, murya kamar mai lallashin jariri. Maza biyu suka riƙo shi ta gwiwar hannu har kujera, wai girmamawa. Ba ya kallon fuskar kowa, saman kawunan mutane yake kallo, ta kusa da ni ta raɗa mini wai abin da ba mu gani yake gani. Matarsa na layin gaba, mai tabon ƙuna a haɓa, ita ke ba da alamar lokacin tafi.

Wani tsoho ya miƙe ya jefa sandarsa a kwando, ya yi taku huɗu yana tangaɗi, ɗaki ya kaure da tafi da koke-koke. Babu wanda ya lura da yadda ya damƙe bayan kujera da ya isa. Ni na lura.

Daga ƙarshe ya zo kan abin da ya tara su. Ranar 12 ga Afrilu waɗanda suka “cika tsayuwa” za su tafi Gona, wani wuri da suke da shi can bayan gari, a rufe ƙofa shekara guda. Ba ziyara, ba waya, ba wasiƙa. Ya ce madogara ta ƙarshe, wadda ta fi kowacce nauyi, ita ce 'ya'ya da dangi. Ya ce masu tafiya su ɗaga hannu.

Mama ta ɗaga. Ba ta san ina layin baya ba, ta ina za ta sani.

Saura kwana talatin.

Asabar, 15 ga Maris

Da niyyar lallashi na je. Na rantse da Allah da niyyar lallashi na je. Na durƙusa a gabanta na ce Mama shekara guda fa, shekarunki sittin da takwas, in wani abu ya same ki a can wa zai gaya mana? Ta ce babu abin da zai same ta sai alheri, Auta… sai Jela ta yi gyaran murya. Mama ta haɗiye sauran, ta ce, “'yar'uwa.”

'Yar'uwa. Matar da ta goya ni. Tun da na buɗi ido Auta take ce mini, ko a gaban surukaina ba ta canzawa. Yanzu wai sunan ma madogara ne.

Nan lallashi ya gudu. Na ce wa Jela ke ba ki da gida ne? Ba ki da 'ya'yan da za ki je ki tsare? Ta ce tana da su, huɗu. Na ce to Allah ya isa tsakanina da ku, ku da gajeren naku. Mama ta ce in fita mata daga gida. Ba ta taɓa ce mini haka ba, ko ranar da na ƙona mata katifa ina yarinya.

Talata, 18 ga Maris

Ofishin 'yan sanda. Jami'in ya saurare ni yana juya biro. An ɗaure ta? A'a. An doke ta? A'a. An hana ta abinci? A'a. Hankalinta ƙalau? Ƙalau yake, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ce to babbar mace ce, in ta ga dama ta jefa har takalminta a kwandon.

Baban yara ya ce in daina ta da jijiyar wuya, ƙara tura ta nake yi. Na ce da uwarsa ce da tuni ya rushe benen nan da hannu. Ya ɗauki makullin mota ya fita. Ya taimaki kansa.

Juma'a, 21 ga Maris

Mama ta faɗa kwata ranar Laraba. Laraba! Sai yau Juma'a nake ji, a bakin mai shagon kusa da su, da na tsaya sayen sabulu. Za su tsallaka titi ne, ta zaci murfin yana nan, ta taka iska.

Na shiga a guje. Idon sawun ya kumbura suntum, ƙaurin ya kuje. Na ce me ya sa ba a kira ni ba? Mama ta ce ba ta so ta ɗaga mini hankali ina wurin aiki. Na ce to ga abin da tsayuwar taku ta haifa, kwanciya.

Jela ce ke gasa ƙafar, ita ke ɗaurewa, ita ke kai ta bayi, a ƙasa take kwana gefen gadon. Na kwance ɗaurin don in sami abin faɗa. An ɗaure shi yadda ya kamata. Haushi ya ƙara kama ni.

Lahadi, 23 ga Maris

Na je wurin Gwaggo, yayar Baba, ko za ta sa baki. Ta gama jin labarin tana ta kaɗa kai, sai ta ce wannan ai ba sabon abu ba ne. Wai tana budurwa an yi wasu da suka hana kunna fitila, suka ce hasken ciki ya isa, suka kwashi mutane zuwa wani tsauni. Har ƙanwar kakarmu ta bi su. Bayan damina biyu suka riƙa saukowa ɗaya-ɗaya, a rame. Ta ce waɗanda aka tarba da gori sun koma tsaunin, ba a sake ganinsu ba, ita kuwa ƙanwar kaka ruwan wanka kawai aka kai mata, ba wanda ya taɓa tayar da zancen har ta mutu.

Na ce Gwaggo ni ba tarihi na zo ji ba, ki tashi mu je. Ta ce gwiwa. Kowa da gwiwarsa in maganar Mama ce.

Laraba, 26 ga Maris



Wajen sha ɗaya wata mata ta shigo shago, ta warware hankici ta fito da tabarau, gilashi ɗaya ya tsage, hannu ya ɓalle. Wai nata ne, a yi mata irinsa. Ina sanye da farar riga da takunkumi, ko kallona ba ta yi ba. Ni kuwa tabon haɓar na fara gani. Matar Jagora ce.

Nata? Firam ɗin na namiji ne, faɗinsa ya isa kanta da rabi. Na ɗora gilashin a na'urar awo, lambar da ta fito ta ninka ta Mama. Mai wannan abin in ya cire shi ko yatsun ƙafarsa ba ya gani. Ga kuma sashen karatu a ƙasa. Ita kuwa ta ɗauki takardarmu ta karanta ƙananan rubutun nan na can ƙasa ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Sai komai ya faɗo mini lokaci guda. Mazan nan biyu da ke riƙo shi. Kallon saman kawuna. Girmamawa! Abin da ba mu gani! Mutumin ko layin gaba ba ya gani, shi ke nan sirrin.

Na shiga wurin Likita na nuna masa, ban ce masa na wane ne ba. Ya ce irin wannan ba a yin sa a bayan mai shi, sai ya zo an ɗiga alama daidai ƙwayar idonsa, in ba haka ba jiri zai riƙa ɗibarsa. Na dawo na maimaita mata kalma-kalma. Ta ce to gaskiya na ɗan'uwanta ne, ba ya son cunkoso, ko akwai lokacin da babu mutane? Na ce Talata ƙarfe ɗaya, lokacin da muke rufewa cin abinci. Har ƙofar baya na nuna mata.

Asabar, 29 ga Maris

Saura sha huɗu. Na je, na kai mata lemo, na yi minti goma, ban yi faɗa ba. Mama har mamaki ta yi. Ku dai jira.

Talata, 1 ga Afrilu

Ya zo. Ta ƙofar baya, hula har gira, matar na riƙe da hannunsa. A nan babu wata girmamawa, ja-gora ne kawai irin wanda ake yi wa kowane makaho.

Likita ya gwada shi. Babban harafin nan na saman allo, wanda yara ke dariya in an tambaye su, bai gan shi ba. Sannan aka turo mini shi in ɗiga alama. Na sa masa firam na ce ya kalli hancina. Tsakanin fuskata da tasa bai fi tafin hannu biyu ba. Ina riƙe da alƙalami ina kallon ƙwayar idon mutumin da ya sa uwata ta ce mini 'yar'uwa. Allah ya gani, abin da zuciyata ta raya mini in yi da alƙalamin nan ba na rubutawa ba ne.

Na ɗiga daidai, duka biyun. Hannuna bai iya ha'inci ba ko da na so.

Ya ce, “Sannu 'yata, kina da sanyin hannu.” 'Yata! Ashe shi an bar masa 'ya'ya.

Da za su fita matar ta ce a zubar da tsohon. Na ce to. Yana cikin jakata.

Laraba, 2 ga Afrilu

Baban yara ya gan shi a jakar yana neman caja. Na gaya masa. Ya ce wannan sirrin mai jinya ne, in Likita ya ji aikina ya tafi, ko bai ji ba ma amana ce. Na ce amanar wa? Shi ya riƙe amanar tsofaffi ɗari da ya raba da idanunsu? Ya ce shi dai ya faɗa.

Na san yana da gaskiya. Ban damu ba. Abin da nake nema kawai minti biyar ni da Mama babu Jela.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ban san ta inda zan fara ba.

Na sami minti biyar ɗin, har da ƙari, ban ma roƙa ba. Jela ta dube ni, ta dubi jakar da na ƙanƙame, ta ce za ta je ta ɗora ruwan gashin ƙafa, kuma murhun yana da jinkiri yau. Ta ja mana ƙofa. Murhun nan lafiyarsa lau, ni na kawo shi.

Na zaro tabarau ɗin na sa wa Mama a hannu, na ce taɓa ki ji kaurinsa. Na gaya mata komai, ƙofar baya, allo, babban harafi. Ina magana ina haki, ina jira in ga fuskarta ta canza.

Ta shafa tsagar da babban yatsa. Ta ce, “Ai ni na fasa shi. Ina goge teburinsa ya faɗi, kwana biyu kafin in faɗa kwata.”

Na ce me?

Ita ke share masa ɗakin karatu tun watanni. Ta sani tun ranar farko. Jela ta sani. Rabin matan sun sani.

Na ce kin sani kika jefa naki? Kin sani kika yarda kina yawo a makance?

Ta ce, “Ke kina tsammani don idonsa nake zuwa?”

Sai ta fara, a hankali, ba da faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce tun da Baba ya rasu akwai ranakun da ba ta jin muryar kanta sai in ta yi tari. Ta ce a wurin mutanen nan in ta makara minti goma mutum uku ke ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ta ce matar nan da nake yi wa kallon banza kullum da safe sai ta tambaye ta yadda ta kwana, kuma ta tsaya ta ji amsar. 'Ya'yanta huɗun nan shekara uku babu wanda ya tako inda take.

Na ce ni fa? Ba na zuwa?

Ta ce ina zuwa. “Tabarau uku kika kawo mini cikin shekara biyu, Auta. Ko sau ɗaya ba ki sauke jakarki daga kafaɗa ba.”

Ta ce bara da ta zo gidana da niyyar wata guda, a falo na shimfiɗa mata, don ɗakin baya cike yake da kwalaye da tsohon keken motsa jiki, na ce zan kwashe in na sami sarari. Kwana uku ta yi ta ce tana kewar gadonta. Ta ce ba gadon ba ne. Ta ce in tabarau ne abin da za ta bayar a zauna da ita, ta bayar, da ma me take kallo a gidan nan.

Na ce to shi ke nan, ki je wurin maƙaryacin, tunda mu ba mu iya ba. Na fizge abin daga hannunta. A bakin ƙofa na yi karo da Jela riƙe da kwanon ruwan, ya daɗe da hucewa.

Auta ta ce. Sai yanzu da nake rubutawa na lura.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Ƙarya ne. Ina zuwa. Duk Asabar ina zuwa, ko kusan duk Asabar. Ina da aiki, ina da miji, ina da yara biyu, ni kaɗai ce a garin nan. Shi Yaya mai aiko gaisuwa ta waya ba a ce masa komai ba. Ni da nake zuwa ni ce mai laifi.

Zancen jaka kuma, a ina zan ajiye, Jela ta cika kujera.

To, Jela wata ɗaya ke nan da zuwanta. Na sani. Kar ma a tuna mini.

Talata, 8 ga Afrilu

Wani tsoho mai ritaya da ke yawan zuwa shagonmu ya sake zuwa a ɗaure masa notin tabarau. Karo na uku a makonnin nan, kuma notin lafiyarsa lau, kullum lafiyarsa lau. Da ma cikin minti ɗaya nake sallamarsa. Yau na kwance na ɗaure, na kwance na ɗaure, yana ba ni labarin tattabarunsa. Likita ya leƙo sau biyu. Sukurudireban ne ya ƙi zama.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na jefa tsagaggen a kwandon sharar shago, babu wanda ya sani. Sabon na Jagora ya iso daga wurin yanka, na duba a na'ura, daidai yake cif. Matarsa ta karɓa ta ce Allah ya yi albarka. Na ce amin, don ban san me zan ce ba.

Yaya ya kira, shi da kansa. Wai yanzu ya ji labarin Gona a bakin Gwaggo, wai me ya sa ban hana ba. Na ce ya hau mota ya zo ya hana. Ya ce aiki. Na ce ai ni zaman banza nake. Muka rabu baram-baram.

Ban koma ba tun Asabar. Ita ta gasa mini magana, ita za ta neme ni.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ta tafi.

Na ce ba zan je ba, ƙarfe bakwai na ga kaina a titin shagon tayan. Dogayen motoci biyu, kowa da ƙaramar jaka ɗaya. Ban tsallaka ba. Na tsaya a ɗaya gefen, gindin allon talla, na ce in tana so na ta yafito ni, ba zan je in durƙusa a gaban gajeren nan ba.

Ta fito tana ɗingishi. Jela ta riga ta shiga da jakar. Da Mama ta kai ƙofar motar ta tsaya. Ta duba hagu, ta duba dama. Na bayanta suna jira, ta ƙi hawa. Ta sake dubawa, har ta kalli daidai inda nake. Na ɗaga hannu. Na ɗaga sosai ina kaɗawa. Ta ci gaba da dube-dube, sannan ta sunkuyar da kai ta hau.

Na ce kin gani ko, ko hannu ba ta ɗaga mini ba. Har motar ta tashi haka nake faɗa a raina, ina cika ina batsewa.

Sai da ta sha kwana abin ya faɗo mini. Faɗin titin nan ya fi taku ashirin.

Ni. Ni da na auna idon. Duk garin nan babu wanda ya kai ni sanin ba za ta gan ni daga can ba. Ni take nema. Ta tafi tana ganin ban zo ba.

Na bi motar da gudu har gidan mai, takalmi ɗaya a hannu, mutane na kallona.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Allah ya isa. Ban ma san wa nake ja wa ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Jiya na gano Gonar. Doguwar katanga ce da ƙofar ƙarfe. Mai gadin ya ce ba a karɓar saƙo. Na ce kalma huɗu ce kawai, a ce mata na zo ranar nan. Ya ce ba a karɓa. Na zage shi tas, ya ce Allah ya huci zuciyata. Zan koma.

Na kwashe ɗakin baya. Ba don komai ba, kyankyasai ne suka yi yawa a kwalayen, keken nan kuma shekara huɗu babu wanda ya hau. Tunda ɗakin ya zama fili na sa gado, ai ba a barin ɗaki haka. Na jawo shi kusa da taga. Na canza ƙwan fitila zuwa mai haske sosai. Na ɗauke ɗan teburin gilashin nan na hanyar bayi, ko mai lafiyar ido yana buguwa da shi. Na sa kujera a gefen gadon, wurin ne ya yi mini kamar da gurbi.

Ina nan kan bakana, maƙaryaci ne, kuma in ya sake zuwa shago sai dai Likita ya nemi wata ta ɗiga masa alama.

Da yamma na shafa farin fenti a bakin matakala ukun nan na shigowa gida, layi mai kauri. Baban yara ya tsaya yana kallona, ya ce in ta dawo ai za ta koma sa tabarau, me ya kawo fenti? Na ce wa ya ce maka don ita na yi, fenti ne ya rage.

Sai da ya shige na ja da baya har bakin ƙofar waje, na runtse ido saura ƙiris, na duba. Ana ganinsu.